Shekarar ƙarshe a fannin injiniyancin injuna a Maraɗi: daga zaɓen taken aiki zuwa karɓar takarda

Tun da na gama lisans, wato digirin farko, ƙannena da ke baya a sashenmu ba su daina tare ni da tambayoyi iri ɗaya ba: yaushe ake zaɓen taken aikin kammala karatu, wa ke neman wa ɗalibi wurin istaj (koyon aiki a ma'aikata), nawa ake kashewa, kuma me ake tambaya ranar sutnans, wato ranar kāre aikin a gaban malamai. Ni ma haka na yi ta tambayar waɗanda suka riga ni, kowa ya ba ni gutsuren abin da ya tuna, sai da na shiga ciki sannan na ga yadda matakan ke bin juna. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga farko har ƙarshe. Na yi karatuna a nan Maraɗi, inda jami'ar da ake kira Ɗan Dikko Ɗankulodo ta samu cin gashin kanta a shekarar 2010, kuma a tsarin da muke bi na LMD (lisans, mastar, dokta) lisans shekara uku ce, zangon karatu shida, kowane zango da kiredi 30. Zango na ƙarshe shi ne ya bambanta da sauran, domin a cikinsa ne ɗalibi yake fita daga aji ya je ya yi aiki da hannunsa, ya rubuta memwar, wato kundin rahoton aikinsa, sannan ya tsaya gaban malamai ya kāre abin da ya yi.

Matakin farko shi ne taken aiki da malamin da zai kula da kai. Sashe yakan fitar da wasu take da malamai suka kawo, amma ana yarda ɗalibi ya zo da nasa idan ya samu malamin da ya amince zai bi shi. Ni nawa na kawo, wato injin ɓarar gyaɗa ƙarami wanda ƙungiyar mata ko manomi mai matsakaicin ƙarfi zai iya mallaka. Dalilina a fili yake ga duk wanda ya tashi a wannan yanki. Arzikin alhazan Maraɗi na farko da gyaɗa ya kafu a shekarun 1950 da 1960, kafin fari da cutar da ta kama gyaɗa a shekarun 1970 su karya wannan kasuwa, amma har gobe gidajen da ke cin abinci da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba su ƙirguwa, kuma ɓara da hannu na cinye wa mata wuni guda a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na rubuta shafi ɗaya da ya bayyana matsalar da abin da nake son in cimma, na kai wa malamin da ke koyar da mu lissafin sassan inji. Ya karanta ya ce mini: «To, ɗana, na yarda zan bi ka, amma da sharaɗi. Ba za ka buɗe kwamfuta ka ja ko layi ɗaya ba sai ka je ka ga masu gyaɗar, ka kuma zaga shagunan ƙarfe.» A lokacin na ɗauka jinkiri ne kawai zai jawo mini, don abokaina har sun fara nuna wa juna zanensu. Ya sa hannu a takardar taken, shugaban sashe ma ya sa, na ajiye kwafi ɗaya a wurina. Wannan kwafin ku riƙe shi da kyau, domin shi ne hujjar cewa taken naku ne idan wani ya zo da makamancinsa daga baya.

Daga nan sai neman wurin istaj, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata lokacin da ba ya dawowa, saboda suna zaton sashe ne zai nemo musu. Abin da sashe yake ba ka shi ne takardar gabatarwa, nema kuwa naka ne. Na haɗa takardar neman istaj da na rubuta da hannu zuwa ga shugaban ma'aikatar, da takardar gabatarwar, da taƙaitaccen tarihin karatuna, da kwafin katin ɗalibi, da kwafin sakamakon zangunan baya. Wasu abokan karatuna sun nufi manyan wurare, irin matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, da SONICHAR mai ƙona gawayin ƙasa ta samar da wuta a yankin Cirozerin, da kamfanin siminti na Malbaza. Waɗanda suka samu shiga sun dawo da ilimin kula da manyan injuna da ba a samunsa a aji, sai dai duk mai son zuwa can ya ajiye takardunsa tun da wuri, ya kuma yi lissafin kuɗin mota da masauki da abinci. Ni da yake ƙira nake son yi, wurare biyu na nema a cikin gari. Na farko ya karɓi takarduna, na yi ta komawa ana cewa in dawo, har na fahimci cewa amsar ba za ta zo ba. Na biyu wurin walda da tur (injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi) ne na wani dattijo da ya shekara da shekaru yana gyaran injin niƙa da famfon lambu, kuma shi a rana ɗaya ya ce in zo. Bayan amincewarsa sai yarjejeniyar istaj, wadda mutum uku suke sa wa hannu: makaranta, mai wurin aiki da ɗalibi. Kada ku fara aiki kafin hannayen nan uku su cika, domin ita ce ke nuna ranar da kuka fara, kuma ita ce kariyarku idan tsautsayi ya faɗa a wurin aiki.

Yayin da takardu ke yawo tsakanin ofisoshi na cika sharaɗin malamina. Na hau kabu-kabu na je wajen masu ƙuli-ƙuli a cikin gari, na kuma leƙa wajen manoma ta ɓangaren Jiratawa da Tibiri. Tambayar da na tafi da ita ita ce buhu nawa suke son inji ya ɓare a awa ɗaya, amma abin da na tarar ya fi damunsu daban ne. Wata tsohuwa da ke jagorantar ƙungiyar mata ta ce mini: «Yaro, sauri ba shi ne ba. Injin da muke kai wa haya yana da sauri, amma rabin gyaɗar a farfashe take fitowa. Wadda za mu soya mu yi mai da ita ba laifi, amma ta iri fa? Gyaɗar da ta rabu biyu ko jan bayanta ya saluɓe ba ta tsira yadda ya kamata.» Na ce: «Inna, ke nan kun fi son ya yi a hankali in dai ƙwayar za ta fito lafiya?» Ta ce haka ne, kuma ya zama wanda mutum biyu za su iya ɗora shi a amalanke. Da na koma ga littattafai na tarar da wani dalilin da ya ƙarfafa maganarta, wato ƙwayar da ta fashe ta fi saurin kama funfuna a ajiya, kuma wannan funfunar ce ke haifar da gubar da ake kira aflatoksin, wadda ke lahanta hanta. Daga wannan zagaye na rubuta sharuɗɗan da injin zai cika, na sa ƙarancin fashewar ƙwaya a sama da yawan aiki. Na sayo tiya biyu ta gyaɗa mai ɓawo, irin nan mai ƙananan ƙwaya da ma'aikatan gona ke kira 55-437, wadda take nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka, na zauna da abin awo ina auna tsawo da kaurin kwanso da na ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, amma daga waɗannan lambobin ne faɗin ramukan rariya da tazarar da ke tsakaninta da ganga, wato sashen da ke juyawa yana fasa kwanso a kan rariyar, suka fito.

Zagayen shagunan ƙarfe kuwa shi ne abin da nake ganin ya fi komai cetona. Na ɗauki littafi na bi masu sayar da korniya (ƙarfe mai kusurwa) da tol (fallen ƙarfe) da rodi, da masu kayan injin niƙa, ina rubuta girman abin da ke akwai da farashinsa. Yawancin waɗannan kaya ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa, saboda haka farashinsu yana motsi da canjin naira da halin da iyaka take ciki, kuma abin da ka gani a wannan wata ba lalle ka same shi a wata mai zuwa ba. Na ga cewa rulma, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a cikinsa, wanda ba ya yankewa a kasuwa shi ne mai lamba 6205 da ɗan'uwansa mai gida UCP 205, dukansu raminsu milimita 25 ne, sai korniya mai 40 bisa 40, da tol mai kaurin milimita 2, da kuruwa, wato belin roba mai jan inji, irin ta injin niƙa. Wani abokina da ya fara da zane ya fitar da sanda mai milimita 28 saboda haka lissafinsa ya ba shi, zanen ya yi kyau ƙwarai a allon kwamfuta, amma da ya shiga kasuwa babu rulman da ya dace da ita, sai da ya sake zana rabin injinsa. A ranar na gane abin da malamina yake nufi, kuma ban ƙara ganin sharaɗinsa a matsayin jinkiri ba.

Lissafin kansa bai ba ni wahala sosai ba, tun da na san kayan da zan yi aiki da su. Motar lantarkin da na samu, wato na'urar wuta da za ta juya injin, mai ƙarfin kilowat 1.5 ce, tana juyawa kusan sau 1450 a minti, gudun da ya fi ƙarfin gyaɗa nesa ba kusa ba. Idan aka sa puli (faifan da kuruwa ke zagayawa) mai milimita 80 a kan motar, aka sa mai 300 a kan ganga, gangar za ta juya kusan sau 387 a minti, idan kuma mai 400 ne sai ta sauko zuwa 290. A wannan gudu na ƙasa ƙarfin murɗawar da ke kan sanda yana kai wajen niyuton-mita 49, na haɗa shi da jan da kuruwa ke yi da nauyin ganga, na tabbatar cewa sanda mai milimita 25 za ta ɗauka da rarar tsaro mai gamsarwa. Na yi zanen da manhajar kwamfuta ta SolidWorks, na fitar da zanen injin a haɗe da na kowane sashe shi kaɗai, da ma'auninsa da iyakar kuskuren da aka yarda da shi. Malamina ya fi tsananta wa wurin da rulma zai zauna a kan sanda, domin a nan bambancin da ido ba ya gani shi ne ke sa rulma ya yi wasa ko ya ƙi shiga.

A wurin ƙira na koyi abin da ba a rubuta a kowane darasi ba. Maigidan wurin ba ya aiki da zane mai fuska uku irin wanda aka koya mana, amma da ya ga hoton injin a haɗe nan take ya gane komai, har ya nuna mini cewa inda na sa ƙofar fitar ƙwaya babu yadda hannun mai walda zai shiga. Muka juya ta gefe. Na koyi yanka korniya, da ɗiga walda a kusurwoyi kafin a cike ta don kada zafi ya karkatar da firam, da tsayawa kan mai tur har ya gama sanda. Lokacin bazara ne, zafi yakan haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa, saboda haka muka mayar da aikin walda da tur zuwa sassafe, da rana kuma mu yi abin da ba ya buƙatar wuta. Wuri ɗaya ne muka sha bamban da shi, wato murfin kuruwa. Ya ce: «Ɗalibi, duk injin niƙan garin nan wa ka ga ya rufe kuruwarsa? Asarar tol ce kawai.» Na ce: «Baba, gaskiya ne, amma waɗanda za su tsaya kusa da wannan mata ne masu mayafi da hijabi, ga yara suna kewaya su. Idan gefen mayafi ya shiga tsakanin kuruwa da puli, babu mai iya tsayar da shi kafin ɓarna ta auku.» Ya yi shiru, sannan ya ɗauko guntun tol ya yanka da kansa. Ina ganin wannan murfin yana cikin abin da ya raba mai karatun injiniya da mai haɗa ƙarfe kawai, domin wanda ya zana inji yana da alhakin hannun da zai taɓa shi.

Game da kuɗi, daga aljihuna da taimakon yayana komai ya fito. Motar ta hannu ce, na same ta a kan jikka 45, wato sefa 45,000. Ƙarfe da tol sun ci kusan jikka 50, rulma da puli da kuruwa da kusoshi kusan jikka 30, aikin tur da sandunan walda da fenti kusan jikka 25, ga gyaɗar gwaji da kuɗin kabu-kabu. Gaba ɗaya injin ya tasam ma jikka 170. Waɗannan farashin lokacina ne, kada wani ya gina lissafinsa a kansu ba tare da ya shiga kasuwa ba. Abin da zan jaddada shi ne ku karɓi rasiɗi ko ku rubuta kowane saye a ranar da kuka yi shi, domin memwar tana da babin kuɗin ƙira, kuma masu jarrabawa suna dubansa da kyau.

Gwajin farko ya sanyaya mini jiki. Da puli mai 300, wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙwayar a fashe ya fito, ga wasu kwanso suna faɗowa ba a ɓare ba. Na koma gida ban iya cin abinci ba, ina ganin watannin da na yi sun tafi a banza. Malamina ya ce in daina canja abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, in riƙa taɓa abu guda, in auna, in rubuta, sannan in wuce na gaba. Haka na yi. Kowane gwaji ina zuba gyaɗa mai nauyi ɗaya, in riƙe lokaci, in ware ƙwaya lafiyayya da fasasshiya da wadda ba ta ɓaru ba, in auna kowace a sikeli. Da na koma puli mai 400 fashewar ta ragu sosai, da na buɗa tazarar ganga da rariya kaɗan ta ƙara raguwa. Abu na uku kuwa daga wajen tsohuwar nan ya fito, domin ita ta ce mini gyaɗar da ta sha bazara ta bushe ƙayau, su kan yayyafa mata ruwa kaɗan su rufe ta kafin ɓara. Na gwada, fashewar ta sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin. Na sa wannan a memwar a matsayin tasirin danshi, na kuma rubuta a fili daga inda shawarar ta zo, tare da gargaɗin cewa wadda aka yayyafa wa ruwa sai an sake shanya ta kafin ajiya.

Rubutun memwar da Faransanci ake yinsa, kuma tsarinsa sananne ne: gabatarwa, bayanin wurin istaj, abin da aka riga aka yi a fannin, lissafi da zane, ƙira, gwaji da sakamako, kuɗi, sannan kammalawa. Na riƙa kai wa malamina babi-babi, ban jira sai na gama duka ba, domin a ƙarshen shekara ɗalibai da yawa ne a wuyan malami ɗaya, kuma wanda ya kawo shafi sittin a dunƙule dole ya yi haƙurin jira. Na ajiye kwafin aikin a wurare uku saboda na ga wanda kwamfutarsa ta mutu ana saura mako biyu. Sai malami ya sa hannu a takardar izinin ajiyewa sannan ake bugawa, a haɗa da takardar shaidar kammala istaj daga mai wurin aiki. Bugawa da ɗinke kwafin da za a raba wa masu jarrabawa sun ci mini kusan jikka 20, saboda shafukan zane masu launi da manyan takardu sun fi tsada.

Ranar sutnans malamai uku ne suka zauna, ɗaya yana shugabanta, ga 'yan'uwa da abokai sun cika bayan ɗaki. An ba ni ɗan lokaci ƙayyadadde in yi bayani, sannan tambayoyi suka biyo. Na kawo injin a amalanke, na kuma tanadi bidiyonsa yana aiki a waya da kwamfuta don gudun ɗaukewar wuta. Gabana ya faɗi a farko, amma da aka shiga tambayoyi sai na ga duk abin da na taɓa da hannuna ba ya ba ni tsoro. An tambaye ni dalilin zaɓen milimita 25, da yadda na auna fashewa, da abin da zai fara lalacewa a injin. Tambaya mafi nauyi ita ce ta shugaban zaman, wanda ya ce yawancin masu noman gyaɗa suna ƙauyukan da babu lantarki, to wa na ƙera wa inji mai motar wuta. Na amsa cewa ana iya ɗora masa injin fetur irin na famfon lambu, amma da yake wannan yana juyawa sama da sau 3000 a minti, sai an rage gudun a mataki biyu da ƙarin sanda a tsakiya. Ya ce in sa wannan lissafin a cikin gyara. Aka fitar da mu, suka yi shawara, aka kira mu aka faɗi maki bisa 20.

Mutane da yawa suna zaton a nan aka gama, alhali akwai saura. Sai ka yi gyaran da aka ce, malaminka ya duba ya sa hannu, ka ajiye kwafin ƙarshe a sashe da ɗakin karatu, ka tabbatar babu littafin aro ko wani bashi a kanka, sannan ka jira a tattara sakamako kafin takardar shaidar nasara ta fito, wadda da ita ake neman aiki kafin babbar diploma. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, saboda haka gyaran nan a yi shi a makon da aka yi sutnans, domin waɗanda suka tafi hutu da niyyar dawowa sun tarar malamai sun shiga wasu ayyukan.

Idan na waiwaya, abin da ya fi amfanar da ni shi ne jerin da aka tilasta mini bi, wato masu amfani da injin da farko, kasuwa ta biyu, sannan lissafi da zane. Takardun istaj kuma a fara neman su tun zango na biyar, a nemi wuri fiye da ɗaya, kuma kada a raina ƙaramin wurin walda idan ƙira ake so, domin a can ne ake barin ɗalibi ya riƙe kayan aiki da kansa. Akwai kuma maganar da ba a cika yi ba sai rigima ta taso, wato wa zai mallaki injin bayan sutnans, tun da ɗalibi ne ya sa kuɗinsa, maigidan wurin ya sa kayan aikinsa, makaranta kuma ta sa malaminta. Ni mun yi wannan magana tun kafin a yanka ƙarfen farko, muka rubuta cewa injin zai je wa ƙungiyar matan da na yi gwaji da su, maigidan kuma yana da izinin ƙera wani da zanena. Idan takardar shaidar nasara ta fito, a yi kwafinta da yawa a kai ma'aikatar magajin gari a buga musu hatimin tabbatarwa, da su za a riƙa neman aiki, ta asali kuwa a bar ta a gida.